Tsohon Karen Aiki Ya Fara Cizo: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Ake Gyara Su

A wajenmu ba a cika ajiye kare don sha'awa ba, aiki ne ke kawo shi gida. Ko farauta, ko gadin gona da garke, ko tsaron gida, ko kuma irin na 'yan sanda da masu shinshino miyagun ƙwayoyi a filin jirgi. Rigimar takan fara ne ranar da aikin ya ƙare. An ce karen bana shi ke maganin zomon bana, to na bara fa? Sai a ɗaure shi a bayan gida, ko a ba wani kyauta. Bayan wata biyu a ji ya ciji yaro, kowa ya ce ai dama mugu ne.

Na ga irin wannan a gidan kawuna. Yana da wani baƙin kare, Duna, wanda suka yi kusan shekara takwas suna shiga daji tare. Da ciwon gwiwa ya zaunar da kawu, sai aka ɗaure Duna a gindin darbejiya. Wata rana ɗan kawu ya kai hannu zai shafa kansa, ya cafke shi a yatsa. Aka rufe karen da duka. Sai da wani likitan dabbobi ya zo duba awaki ya ce a riƙe masa karen, ya ɗaga kunnen hagu, wari ya bugi kowa. Kunnen ya ruɓe daga ciki, ga kaska jere a gefe, ga haƙori ɗaya a karye.

Babban kuskuren ke nan, kuma shi ya fi yawa: a fara gyaran hali ba a duba lafiyar jiki ba. Ruwa ba ya tsami banza. Karen da ya shekara da shekaru yana gudu da tsalle da cizo, jikinsa ya ci wuya. Manyan karnuka irin Jaman Shefad, waɗanda kamfanonin tsaro suka fi so, an san su da ciwon ƙugu da na gaɓoɓi idan suka manyanta. Wani idonsa ne ya fara dushewa, wani kunnensa ya yi nauyi, sai ya zamana ba ya jin tahowar mutum sai ya ji hannu a jikinsa, ya zabura ya kai cizo. Ka lura da kyau: yana jinkirin tashi da safe? Yana ƙin hawa mota? Yana tauna abinci da gefe ɗaya? Ka kai shi asibitin dabbobi kafin komai. Kada ka ɗauko maganin ciwon jikinka ka ba shi. Ibuprofen da diclofenac na iya huda cikin kare su lalata masa ƙoda, ko farasitamol ma sai likita ya auna.

Akwai kuma yanayin da ba maganar horo ba ce sam. Idan kare mai natsuwa ya sauya cikin 'yan kwanaki, yana dalalar da miyau, yana kasa haɗiya, yana cizon itace da ƙarfe, muryarsa ta canza, to a yi zargin ciwon hauka. A kulle shi, kada kowa ya taɓa shi, a kira likita. Wanda karen ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar don allura, kada a tsaya shafa maganin gida. Ciwon nan da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Allurar rigakafin karnuka kuwa ana yin ta a nan gida, a cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos.

Sai maganar gurnani, wadda nake so a tsaya a kanta sosai. Yawancinmu da kare ya yi mana gurnani sai mu ɗauki sanda, wai ya raina mu. Alhali gurnani gargaɗi ne, kuma kafin ya kai nan ya riga ya yi magana sau da yawa ba a ji ba. Zai yi hamma ba barci yake ji ba. Zai lashi hanci. Zai kau da kai har ka ga farin idonsa. Zai lanƙwashe kunnuwa, ya sandare wuri ɗaya, bakinsa a rufe gam. Duk wannan cewa yake a matsa. Idan ka doke shi saboda gurnani, tsoron da ke ransa yana nan, abin da ya koya kawai shi ne gargaɗi na jawo duka. Gobe sai ya tsallake gargaɗin. Irin waɗannan ne ake cewa sun ciji mutum ba zato ba tsammani, alhali da hannunmu muka cire musu ƙararrawa.

Gyaran shi ne, da ya yi gurnani ka tsaya, ka ja da baya a hankali, ka juya masa gefen jiki, kada ka zuba masa ido. Daga baya ka tambayi kanka me ya faru daf da lokacin. Kwanon abincinsa aka matsa kusa da shi? An tsallaka shi yana kwance? Baƙo ne ya shigo da dare? Ka riƙa rubutawa na mako biyu, za ka ga abin ba barkatai yake zuwa ba, yana da abubuwa biyu ko uku da ke tayar da shi.

Masu cewa sai ka danne kare a ƙasa don ya san kai ne shugaba, tunanin ya samo asali ne daga nazarin kyarketai da aka tara a keji a Turai. Masanin kyarketai David Mech, wanda shi ma ya taimaka wajen yaɗa ra'ayin, ya fito a 1999 ya nuna cewa a daji garken kyarketai iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'ya. Ka danne karen da aka horar ya kama mutum, ka ga abin da zai biyo baya.

Wani abin da ake mantawa shi ne, sau da yawa karen aikinsa yake yi. An shekara shida ana yaba masa idan ya haushi baƙo, ana ba shi nama idan ya kama mai gudu. Yau an kawo shi gida mai yara, yaro ya ruga da gudu yana ihu, me ake so ya yi? Karen farauta ma haka, kaza ko ɗan akuya ya gilma, jikinsa ya riga tunaninsa. Shi ya sa karɓar irin wannan kare ba tare da an tambayi tarihinsa ba ganganci ne. Wace kalma ake faɗa masa ya saki? Da wane harshe? Ya taɓa cizon mutum? Me yake tsoro? A Amurka, daga cikin karnuka kusan 4,000 da sojoji suka yi aiki da su a yaƙin Vietnam, kimanin 200 ne kawai aka fitar daga ƙasar, kuma har zuwa shekarar 2000 galibi kashe tsofaffin karnukan soja ake yi. A shekarar ne aka yi dokar da ta ba da damar a karɓe su a riƙe, amma ko da hakan sai an gwada halin kare kafin a miƙa shi, kuma wanda ya yi aiki da shi ake fara ba dama. Mu kuwa sai a kwance sarƙa a ce ga shi nan, Allah ya sa albarka.

Ita kanta sarƙar matsala ce. Kare a ɗaure ba shi da hanyar gudu, saura haƙori. Ga yaran unguwa da jifa. Ka keɓe masa wuri mai inuwa da ruwa, inda zai iya juyawa ya ɓuya, a kuma kafa doka a gida: in yana ci ko yana barci ba mai zuwa wurinsa. Masu zuba wa kare barkono ko wiwi a abinci don ya yi zafi, ba abin da suke ƙara masa sai ciwo da firgici.

Zaman banza ma na cin sa. Karen da ya saba yini a daji, in ka ajiye shi haka nan zai nema wa kansa aiki, kuma ba zai yi maka daɗi ba. Ba sai ya yi gudu ba. Ka watsa masa abincinsa a cikin ciyawa ya nemo da hanci, ka ɓoye ƙashi a bayan turmi, ka fita da shi da asuba kafin hanya ta cika. Minti 20 na shinshina kan kwantar da shi fiye da yadda za ka zata.

Dawo da amana kuwa, gaggawa ce ke ɓata ta. Mutum ɗaya ya ɗauki nauyinsa da farko, abinci a lokaci ɗaya kullum, murya ƙasa-ƙasa. Ka zauna nesa da shi kana harkarka, ka jefa masa ɗan busasshen kifi ko guntun nama ba tare da ka kalle shi ba. Ka bar shi ya zo da kansa, in ya zo ma kada ka kai hannu saman kansa. Abin da yake tsoro, misali baƙo, a nuna masa shi daga nesa, inda zai gan shi amma bai tayar da jijiyar wuya ba. Baƙo ya bayyana, nama ya faɗo. Baƙo ya tafi, nama ya ƙare. Kullum a rage tazarar kaɗan. Idan ya ƙi karɓar naman, an matso da yawa ke nan, a koma baya. Kuskuren da ake yi shi ne a tara masa mutane wai ya saba, ko a fita da shi ranar da yara ke fasa nakawut, bayan jiya ma bai yi barci ba saboda tsawa. Tsoro taruwa yake yi, na jiya bai sauka ba na yau ya hau kai.

A saba masa da takunkumi mai kama da kwando, wanda zai iya haki ya sha ruwa da shi. A fara da sa nama a ciki ya riƙa cusa bakinsa da kansa na kwanaki kafin a ɗaura igiyar. Kuma a faɗi gaskiya, ba kowane kare ne zai koma na wasa da yara ba. Wanda ya taɓa yi wa mutum mummunan rauni, a nemi likita da ƙwararren mai horo su duba shi, kuma kada a taɓa barin sa da yaro su kaɗai, komai laushin da ya nuna.

Duna dai an wanke masa kunne, an cire haƙorin, aka kwance shi aka mayar da shi zauren baya. Ya yi kusan wata uku kafin ya sake yarda a taɓa kansa, kuma har ya mutu kawu kaɗai yake bari ya taɓa kunnen hagun nan.