Kurakuran da aka fi yi wajen lissafin kuɗin aika kaya daga Zariya

Yawancin masu aika kaya tambaya ɗaya suke yi: "Nawa kuke ɗaukar kilo?" Wanda ya faɗi mafi ƙanƙanta shi suke bi, ranar biya kuma su tarar kuɗi ya ninka. Abin da ya kamata a kwatanta shi ne jimillar abin da za a kashe har kaya su shiga hannun mai karɓa.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne dogaro da sikeli kaɗai. Kamfanonin da ke kai kaya ta jirgin sama nauyi biyu suke dubawa: wanda sikeli ya nuna, da wanda girman kwali ya bayar, sannan su caji wanda ya fi yawa. Dalili kuwa, wuri a cikin jirgi shi ma kuɗi ne. Ga yadda ake lissafin: a auna tsawo da faɗi da tsayin kwali a santimita, a ninka su, a raba da 5,000. Wannan adadin DHL Express ke amfani da shi, wasu kuma suna raba da 6,000, don haka a tambaya. A ce mai sayar da huluna a Sabon Gari ya zuba su a kwali mai santimita 50 da 40 da 30, sikeli ya nuna kilo 4. Ninkin ya ba da 60,000, a raba da 5,000, kilo 12 ke nan, kuma kuɗin kilo 12 zai biya. Da ya cusa hulunan cikin juna ya koma kwali mai 40 da 30 da 25, da lissafin ya sauko kilo 6. Rabin nauyin da aka caje shi na iskar da ke cikin kwali ne. Manyan riguna da mayafai da jakunkunan fata duk haka suke, ba nauyi amma ga cin wuri. In babu ƙaramin kwali, a tsaga kusurwoyi huɗu na babban da reza, a naɗe bakin har ya kwanta a kan kaya.

Wasu kuma suna auna kaya tsirara a gida, su manta da nauyin kwali da salatif da tsummokaran da aka cusa. A ɗaure tukuna, sannan a auna. Kamfanoni da yawa suna ɗaga nauyi zuwa rabin kilo na gaba, wato kilo 2.1 ya zama 2.5. Cire abu ɗaya ƙarami kan sauko da kai mataki guda.

Sai farashin da ake faɗa a baki ko aka gani a intanet. Sau da yawa tushe ne kawai. A kansa ana iya ɗora ƙarin kuɗin mai, wanda ke sauyawa lokaci zuwa lokaci, da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, da inshora, da ƙarin kuɗi in adireshin yana wajen gari. Ka ce a rubuta maka jimilla ta ƙarshe, ka tambaya ko har ƙofar gida ne ko kuwa mai karɓa zai je ofis.

Ba wa direba saƙo a tashar Kwangila shi ya fi araha a ido, kuma ga buhun hatsi ko kaya mai nauyi da ba ya fashewa, a ganinmu da wuya a samu abin da ya fi shi. Amma a haɗa da sauran kashe-kashen: kuɗin Keke Napep zuwa tasha, na masu lodi, da na wanda zai karɓa. In Abuja aka aika, mota ta sauke a Zuba mai kaya yana Mararaba a ɗaya gefen birnin, zuwa da dawowarsa na iya cinye ragin duka. A karɓi rasit, a rubuta lambar mota da lambar wayar direba. Takardun makaranta da fasfo kam kada a aika su haka. A biya EMS, wato sashen aika saƙon gaggawa na gidan waya, ko kamfanin da ke ba da lambar bin sawun kaya, domin sake samun takarda ya fi kuɗin aikawa tsada nesa ba kusa ba.

Masu aikawa ƙasar waje su kula da abin da aka hana. Turare mai sinadarin barasa da batirin waya da ba ya cikin na'ura kaya ne masu haɗari a jirgi, yawancin kamfanoni ba sa karɓa daga hannun kowa da kowa. Kilishi da dambun nama ba sa shiga Ingila ko Amurka a ƙunshin saƙo; in kwastan suka kama, kaya sun tafi, kuɗin aikawa ma ba ya dawowa. Rage darajar kaya a takarda don gudun haraji shi ma asara ce, tunda in kaya suka ɓata, diyya ba za ta wuce abin da ka rubuta ba. A kuma daidaita tun farko wa zai biya harajin shigarwa, kai ko mai karɓa.

Wajen kwatantawa, a ba wurare uku bayani iri ɗaya a rana ɗaya: nauyin kwali a ɗaure, awonsa uku, abin da ke ciki, darajarsa, da cikakken adireshi har da lambar yankin gidan waya in ƙasar waje ce. A gefen kowane farashi a rubuta kwana nawa kaya za su yi a hanya.