Yadda ake duba ƙaramar jif ta hannu kafin a biya kuɗi

Na sha raka mutane sayen irin waɗannan motoci, su RAV4, CR-V, Qashqai, Tucson, Sportage da Forester, kuma kusan kullum kuskuren ɗaya ne. Mutum zai ɓata awa guda yana shafa fenti, yana ƙwanƙwasa bodi, ya zagaya da motar na minti biyar, sai ya ce ta yi. Alhali gyaran fenti bai kai komai ba in an gwada da giya da inji, kuma su ba sa nuna halinsu a minti biyar. Zancen takardu da ko an taɓa haɗari da motar ba zan tsaya a kai ba, kowa ya san wannan.

Mataki na 1: San ciwon motar tun kana gida

Ka nemi lambar VIN, wato lambar shaidar motar mai haruffa da lambobi 17, ka tabbatar da shekarar ƙira da irin injin. Sunan mota kaɗai ba ya gaya maka komai. RAV4 ta 2006 zuwa 2008 mai injin 2.4 ta yi suna wajen shan baƙin mai saboda zoben fistin, haka ma Chevrolet Equinox ta 2010 zuwa 2013. CR-V ta 2017 da 2018 mai injin 1.5 turbo tana haɗa fetur da baƙin mai, musamman in ba a yin doguwar tafiya da ita. Tiguan ta farko mai injin 2.0 TSI, abin da ke ɗame sarƙar taimin ɗinta yakan saki. Hyundai da Kia kuwa sun nemi a dawo da motoci masu yawa a gyara saboda injin Theta II da kan cije. Ni dai tsohuwar mota mai turbo ba na kusantarta, kai ma ina ba ka shawara ka bar ta.

Mataki na 2: Tayar da inji yana da sanyi

Ka gaya wa mai motar kada ya kunna ta kafin ka iso, in ka zo ka ɗora hannu a kan bonet. In da ɗumi, ka dawo gobe. Ka sa wani ya tayar, kai ka tsaya a baya: shuɗin hayaƙi daga salansa yana nufin injin na ƙona mai. Ƙarar kacau-kacau a daƙiƙun farko sarƙar taimin ce ke gaishe ka. Zaro gejin mai ka sunsuna. In ka ji warin fetur, ko man ya haura alamar cika, akwai magana.

Mataki na 3: Gwada giya bayan ta yi zafi

Nan ne aka taɓa yi mini sakiyar da ba ruwa, don haka ka yi haƙuri in daɗe. Na sayi wata mota, ba sai na faɗi kamfanin ba, bayan ɗan gajeren zagaye. Lafiya lau take tafiya. Kwana huɗu bayan haka, ina tsakiyar hawa da kaya a baya, na taka totur, injin ya yi ta kuka, motar ta ƙi wuce gudun keke. Na kashe ta na minti ashirin, ta tashi garau kamar ba ita ba. Ashe giyar ce ke zafi, kwamfutar motar ta rage mata ƙarfi don kada ta ƙone.

Da yawa daga cikin irin waɗannan motoci giyar CVT gare su, wani nau'in giyar otomatik: Rogue, X-Trail, Qashqai, Outlander, Forester daga 2014, CR-V daga 2015. Ita ba ta canza lamba ɗaya, biyu, uku. Bel ne na ƙarfe ko sarƙa ke gudu tsakanin fuli biyu masu buɗewa da tsukewa, kuma ƙarfin man giya ne ke matse shi. Da man ya tsufa ko ya yi zafi sai bel ya fara zamewa, ya riƙa goge fulin, garin ƙarfe ya bi mai ya shiga ko'ina. Nissan da kanta ta tsawaita garantin CVT na motocin 2003 zuwa 2010 zuwa shekara 10 ko mil 120,000.

To, ka tuƙa aƙalla minti 40, ko da kai za ka zuba man gwajin. Arha ne ƙwarai. Ka shiga cunkoso inda ake tafiya ana tsayawa, ka hau tudu da mutane a ciki da iyakwandishan a kunne. Bayan nan ka sami miƙaƙƙiyar hanya, ka riƙe gudun kilomita 30 zuwa 60, ka taka totur a hankali, ba da ƙarfi ba. Masu koyo sukan take shi har ƙasa, su ji mota ta zabura, su yi murna. Ciwon a taku mai laushi yake fitowa: karkarwa kamar kana bin hanya mai gargada, ko allurar juyin inji tana hawa da sauka alhali ƙafarka ba ta motsa ba. Ka tsaya, ka sa ribas, ka ƙirga. In ta wuce daƙiƙa biyu kafin ta kama, ko ta kama da bugu, ka miƙa makulli.

Ka tambayi yaushe aka canza man giyar da wane iri aka zuba. In aka ce ai wannan mai ba a canza shi, to ba a taɓa yi ba ke nan. In aka zuba man giyar otomatik na gama-gari, ya fi muni. Makanikai kaɗan ne ke buɗe CVT su gyara, yawanci sai dai a sauke a ɗora wata, kuma a tsohuwar mota kuɗin yakan tasam ma darajar motar kanta. Tucson ta 2016 mai giya bakwai da kuloci biyu ita ma a gwada ta a cunkoso, don takan yi jinkirin tashi daga tsaye.

Mataki na 4: Jona sikana

Ƙaramar sikanar OBD2, na'urar da ake jonawa don karanta kwamfutar mota, ta wadatar. Kada ka tsaya ga rashin lambar matsala, ka duba ko gwaje-gwajen kwamfutar sun kammala. In yawancinsu ba su kammala ba, to bai daɗe da aka goge lambobin matsalar ko aka cire batir ba. Lambar P0420 kuwa ta matatar hayaƙin salansa ce, kuma ta asali tana da tsada.

Mataki na 5: Sauran

In mai ja da ƙafa huɗu ce, tayoyin su zama iri ɗaya, cinsu ɗaya. Ka murɗa sitiyari har ƙarshe, ka yi da'ira a hankali, gurnani daga baya na aksul ne, wani lokaci juyen mai kawai yake so. Iyakwandishan ya yi sanyi a tsaye, don kwamfiresar CR-V ta 2002 zuwa 2006 in ta fashe sai an canza kusan duka layin. Shokozoba, bushin da burki ƙananan kuɗi ne, ka sa makanike ya lissafa su, a cire daga farashi.