Kurakuran da ke gutsure sana'ar ɗan tseren babur, da yadda ake kauce musu

Ranar 19 ga Yulin 2020, a filin tseren Jerez na ƙasar Sifaniya, Marc Márquez ya kauce hanya tun da wuri ya koma can baya, sannan ya riƙa tsinke abokan takara ɗaya bayan ɗaya har ya kai na uku. Saura 'yan zagaye a tashi, babur ya yi tutsu ya cilla shi sama, ƙashin damtsensa na dama ya karye. Ranar Talata aka yi masa tiyata a Barcelona aka sa masa ƙarfe. Ranar Asabar, kwana huɗu kacal da fitowa daga hannun likita, sai ga shi a kan babur yana gwaji a Jerez ɗin dai. Hannu ya ƙi, ya haƙura. Bayan 'yan kwanaki ƙarfen da ya sha wahala ya karye yana gida, aka sake yanka shi. A watan Disamba aka yi ta uku saboda ƙashin ya ƙi haɗewa, ƙwayar cuta kuma ta shiga. A 2022 aka yi ta huɗu a Amurka, domin ƙashin ya haɗe a murɗe. Mutumin da ya ci kambun MotoGP, babban ajin gasar tseren babur ta duniya, sau 6 tsakanin 2013 da 2019 bai sake ɗaga shi ba sai 2025.

Da wannan na fara domin shi ne kuskuren da ya fi tsada: dawowa kafin ciwo ya warke. Masu tsere suna da tarihin da ke zuga su. A 2013 Jorge Lorenzo ya karya ƙashin kafaɗa ranar Alhamis a Assen, aka yi masa aiki, ranar Asabar ya hau ya zo na biyar, duniya ta yi ta tafi. Sai dai ƙashin kafaɗa daban, damtse daban, kuma damtsen ne ke ɗaukar nauyin mutum duk lokacin da ya danne birki daga gudun da ya haura kilomita 300 a awa. Maganin ba wani asiri ba ne, lissafi ne. Tsere guda maki 25 ne idan an ci. Márquez yana da shekara 27 a lokacin, da kwantiragin Honda na shekara huɗu a aljihu. Likitan fili idan ya ce za ka iya hawa, yana nufin za ka iya riƙe kan babur ne yau, ba wai ƙashi ya haɗe ba. Hoton ƙashi da likitan da ya yi aikin su ya kamata su yanke ranar dawowa, ba zuciyar mahayi ba. Shi kansa Márquez daga baya ya amsa cewa garaje ya yi.

Kuskure na biye ɗan uwan wannan ne, wato tsallake aji. Gasar duniya hawa uku ce: Moto3 mai injin 250cc, Moto2 mai injin Triumph 765cc, sai MotoGP mai 1000cc. Kowane hawa da karatunsa. A ƙaramin ake koyon cunkoso da fakewa a bayan na gaba don ya tare maka iska. A na tsakiya ake koyon sarrafa nauyi da tattalin taya. Dubi yadda Valentino Rossi ya hau azuzuwan zamaninsa, kafin a sauya musu suna da girman inji: ya shiga 125cc a 1996 ya ci kambu 1997, ya shiga 250cc a 1998 ya ci 1999, ya shiga 500cc a 2000 ya ci 2001. Shekara ɗaya ta koyo, ɗaya ta girbi, sau uku a jere.

Gida ɗaya ma ya isa misali. Brad Binder ɗan Afirka ta Kudu ya daɗe a Moto3 kafin ya ci kambunta a 2016, ya yi shekara uku a Moto2, sannan a tserensa na uku a MotoGP, a Brno a 2020, ya ba kamfanin babur na KTM nasararsa ta farko a babban aji. Ƙanensa Darryn kuwa daga Moto3 aka ɗauke shi kai tsaye zuwa MotoGP a 2022. Kaka ɗaya ya yi, kujera ta suɓuce, ya koma Moto2 ɗin da ya tsallake. Ban ga laifinsa sosai ba, wa zai ƙi irin wannan tayi? Amma tambayar da ya kamata yaro da manajansa su yi ita ce, shin a ajin da yake yana cikin na gaba kowane mako, ko kuwa sai ranar da sa'a ta zo? Idan na biyun ne, a ƙara shekara. Su ma masu shirya gasa sun taka wa wannan gaggawa birki: bayan mutuwar matasa uku a 2021, Jason Dupasquier da Hugo Millán da Dean Berta Viñales, an ɗaga mafi ƙarancin shekarun shiga gasar duniya zuwa 18 daga 2023.

Sai kwaɗayin cin kowane tsere. Na ɗaya maki 25 ne, na biyu 20, na uku 16, wanda ya sha ƙasa kuwa ko ɗaya. A 2024 Francesco Bagnaia ya ci manyan tseren ranar Lahadi 11, Jorge Martín ya ci 3, amma Martín ne ya tafi da kambu da ratar maki 10, saboda shi yana kawo babur gida a na biyu yayin da ɗayan ke yawan ƙarewa a cikin tsakuwa. Joan Mir da nasara ɗaya tak ya zama zakaran 2020. Ranar da taya ta ƙi kama ƙasa, a karɓi na huɗu a wuce.

Akwai kuma zaɓen babur don suna. Rossi ya bar Yamaha ya koma Ducati a 2011, ɗan Italiya a kan babur ɗin Italiya, labari mai daɗin ji. Shekara biyu ya yi bai ci tsere ko ɗaya ba, ya koma inda ya fito. Babur ɗin Ducati da Casey Stoner ya ci kambun 2007 da shi, irin hawan Stoner kaɗai yake ji, gabansa ba ya gaya wa mahayi komai a kwana. Márquez ya yi akasin haka a ƙarshen 2023: ya bar Honda da sauran shekara a kwantiraginsa, ya koma ƙaramar ƙungiyar Gresini kan Ducati ta bara, ya ci tsere uku a 2024, ƙofar babbar ƙungiyar Ducati ta buɗe. Kafin sa hannu, a duba mutum nawa ke gudu da babur ɗin. Idan mutum ɗaya ne kawai, gwanintarsa ce, ba ta inji ba.

Wani abin da masu kallo ba su cika lura da shi ba, yawancin aikin a gareji ake yinsa. Sabon mahayi zai shigo ya cire hular kwano ya ce babur ba ya tafiya, ya zauna yana huci. Wannan bai ba makaniki komai ba. A ina yake ƙi? Lokacin danne birki, ko tsakiyar kwana, ko lokacin murɗa totur a fita? Gaba ke zamewa ko baya? A kwana ta nawa? Da Rossi zai bar Honda zuwa Yamaha a 2004, bai tafi shi kaɗai ba, ya ɗauki shugaban makanikansa Jeremy Burgess da mutanensa, suka ci tseren farko a Welkom ta Afirka ta Kudu, suka ci kambun shekarar.

Fushi ma ya kori wasu. A Misano a 2018, a Moto2, Romano Fenati ya miƙa hannu ya danne birkin Stefano Manzi suna tsaka da gudu. Cikin kwana biyu ƙungiyarsa ta sallame shi, wadda za ta ɗauke shi a shekara mai zuwa ita ma ta fasa. Maverick Viñales ya riƙa azabtar da injin Yamaha don haushi a Ostiriya a 2021, aka dakatar da shi, suka rabu a tsakiyar kaka. Ƙorafi a kai shi gareji bayan an rufe ƙofa.

Har abin da ke shiga ciki sai an sa masa ido. An sami haramtaccen sinadarin ƙara ƙarfi a gwajin da aka yi wa Andrea Iannone a Sepang ta Malesiya a 2019. Ya ce a nama ya ci shi ba da saninsa ba, amma ya kasa nuna wane nama ne, daga ina. Hukuncin wata 18 da ya ɗaukaka ƙara a kansa, kotun wasanni ta duniya ta mayar da shi shekara huɗu. Shi ya sa ake so mahayi ya riƙa rubuta duk maganin da ya sha, ya nuna wa likitan ƙungiya kafin ya haɗiya, ya kuma san inda abincinsa ya fito idan yana baƙuwar ƙasa. Iannone bai sake shiga gasa ba sai 2024, yana da shekara 34, kuma a Superbike, wata gasar babur daban da MotoGP, ya sami kujera.