Yadda ake koyon kalmomin Turanci daga labaran jarumai masu ƙarfin ban mamaki

Yaron da ya kasa haddace kalmomi goma daga littafin aji, sau da yawa za ka tarar ya san sunan kowane makamin da jarumin fim ɗinsa yake riƙewa. Wannan sha'awar jari ce, kuma ana iya juya ta. Labaran jarumai irin su Superman, wanda ya fara fitowa a littafin zane, wato mai ba da labari da hotuna, a Amurka a 1938, da Spider-Man na 1962, suna da abu biyu da mai koyo yake buƙata. Hoto yana bayyana abin da ake faɗa, sannan kalmomin suna ta dawowa, domin kullum akwai mugu, akwai wanda za a ceta, akwai gari cikin haɗari.

Fara da auna labarin da ƙarfinka. Buɗe tsakiyar littafin, ka ƙirga kalmomi 100, ka ja layi da fensir a ƙarƙashin waɗanda ba ka sani ba. Idan sun wuce 5, ajiye shi ka nemi mai sauƙi. Masu binciken koyar da harshe sun nuna cewa sai mai karatu ya san kashi 95 zuwa 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba tare da wahala ba. Wanda ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, a cikin ƙamus zai ƙare, labarin kuma ya fita daga ransa. A Kaduna a duba wajen masu littattafan gwanjo a kewayen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Idan fim ne, ka ce wa mai turawa a waya, a Tudun Wada kake ko Kawo ko Rigasa, kana son mai muryar Turanci da rubutun Turanci a ƙasa. Mai fassarar Hausa yana da daɗin kallo, amma ba zai yi wannan aikin ba.

Karatun farko a yi shi ba ƙamus, shafi 6 zuwa 8, ko minti 10 na fim. A karatu na biyu ne ake zaɓen kalmomi, kuma kada su wuce 8 a zama ɗaya. Ma'aunin zaɓe shi ne: shin zan iya amfani da wannan kalmar a wajen labarin? "Rescue" ceto, "escape" kuɓuta, "threat" barazana, "disguise" ɓad-da-kama, "witness" shaida, duk za ka gamu da su a jarida da jarrabawa. Sunan wani ƙarfe na ƙage ko wata duniyar da marubuci ya ƙirƙira, bar shi inda ka gan shi.

Raba shafin littafin rubutunka gida huɗu: kalmar, jimlar da ta fito a ciki cikakkiya, ma'anarta da Hausa, sai jimlar da ka gina da kanka a kan rayuwarka. Gida na biyu shi ne wanda ɗalibai suka fi tsallakewa, alhali shi ne mafi amfani, domin yana nuna abokan tafiyar kalma. Ana cewa "rescue from", ana cewa "afraid of". Wanda ya haddace kalmar ita kaɗai zai saka mata "with" ko "for" bisa yadda Hausa ta saba masa, maki kuma ya tafi.

Daga nan sai a faɗaɗa. Kalma ɗaya tana da dangi, kuma labaran jarumai cike suke da su. Daga "power" ake samun "powerful" mai ƙarfi da "powerless" marar ƙarfi. Ɗafa-ƙeyar "ful" tana nuna samuwa, "less" tana nuna rashi, kuma da zarar ka gane haka ka buɗe ƙofar "fearless", "harmless", "careful". Ɗafa-goshin "in" a "invisible", wanda ido ba ya gani, shi ne na "incorrect". Haka "hero" ta haifi "heroic" da "heroism". Aikatau masu sauya siffa ma a rubuta su uku-uku tun ranar farko: "fly, flew, flown", "hide, hid, hidden", "fight, fought, fought", "catch, caught, caught". Rubuta "flied" da "catched" kuskure ne da ya zama ruwan dare, kuma tushensa haddace siffa ɗaya kawai.

Inda aka fi shan wuya shi ne aikatau mai ɗan wutsiya. Jarumi ya ce "give up", ɗalibi ya duba "give" ya ga bayarwa, ya duba "up" ya ga sama, alhali ma'anar ita ce miƙa wuya. "Get away" tserewa ne, "hold on" dakata ko riƙe da kyau, "break in" fasa gida a shiga. A ɗauki kowanne a matsayin kalma guda, a neme shi a ƙamus a dunƙule.

Furuci kuma sai da kunne. Hausa ba ta bambanta "p" da "f", kuma ba ta da "v", shi ya sa "power" kan fito da "f", "villain" ta fito da "b". Don "p", haɗe leɓɓa biyu ka sake su da iska. Riƙe 'yar takarda gaban baki, za ta motsa. Don "f" da "v", haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. A "strength" kuwa baƙaƙe uku ne a jere a farko, harshenmu yana son cusa wasali a tsakaninsu, sai a yi ta maimaitawa a hankali har ya daina. Tsayar da fim, maimaita jimlar sau 3, ɗauki muryarka a waya ka kwatanta.

Abin da aka koya yau, mafi yawansa yana zubewa cikin kwanakin farko idan ba a waiwaye shi ba. Don haka a yi bita washegari, sai bayan kwana 3, sai 7, sai 14, sai 30, ana rufe gidan ma'ana da hannu ana gwada kai. Bitar minti 10 bayan sallar asuba ta isa. A ƙarshen mako ka ba ƙanenka ko abokinka labarin da Turanci, ka tabbata kalmomi 5 daga na makon sun shiga.

Masu shirin WAEC, NECO ko JAMB su kula da abu uku. Littattafan zane galibi da manyan baƙaƙe ake rubuta su gaba ɗaya, ba za su koya maka inda ake sa babban baƙi ba. Maganar jaruman ta titi ce, "gonna" da "ain't" a gane su amma kada su shiga insha'i. Rubutunsu kuma na Amurka ne, "color" da "defense", makarantunmu kuwa tsarin Ingila suke bi, "colour" da "defence". Duk kalmar da ka ɗauka, duba ta a ƙamus ka rubuta siffar Ingila a littafinka tun daga farko.