Yadda ake gano ma'anar sunayen Girkawa da na Turawa

Kusan duk wanda na ga ya shiga wannan harka, rami ɗaya yake faɗawa. Ya ga suna a bayan rigar ɗan wasa, ya buga shi a waya, ya kwafi abin da ya fara fitowa. Shafukan nan na sunayen jarirai kuwa, kowane suna a wurinsu ko "jarumi" ne ko "kyakkyawa". Kada ka ƙona datarka a can. Ga yadda nake bi.

Mataki na farko: mayar da sunan zuwa gidansu

Kada ka nemi ma'ana sai ka san yadda masu sunan suke rubuta shi da kuma harshen da ya haife shi. A nan ni ma na sha ƙasa, shi ya sa zan daɗe a kai.

Akwai daren da na zauna da biro ina yanka sunan Giannis Antetokounmpo, ɗan wasan ƙwallon kwando da aka haifa a Athens a 1994. Na raba shi gida uku, na raba shi gida huɗu, ina neman kalmomin Girkanci a ciki. Ashe Adetokunbo ne, sunan Yarabawa, iyayensa 'yan Nijeriya. Abin da ya faru shi ne Girkancin yau ba shi da harafi guda na sautin "d" irin namu, sai a haɗa "nt", haka "b" sai a haɗa "mp". Da aka rubuta sunan da haruffansu aka sake dawo da shi boko, sai ya fito a baƙo. Tun daga ranar, in na ga "mp" ko "nt" a inda ban zata ba, sai in karanta su "b" da "d" in ji ko sunan zai yi mini magana da wani harshe.

Harafin da dā yake ba da "b" kuma yanzu "v" suke furta shi. Don haka Vasilis shi ne Basil na Ingilishi, duka daga Basileios, tushensa basileus, wato sarki. Giorgos, Yiorgos da Yorgos mutum ɗaya ne, George. Rubuta duk siffofin da ka samu a takarda ɗaya, ka bi su baya har ka kai mafi tsufa.

Sai tarko na biyu, wanda ya fi kama mutane. Suna ya bi ta Girka ba ya nufin can aka haife shi. Giannis ɗin nan gajeren Ioannis ne, shi kuma daga Yohanan na Ibrananci, ma'anarsa Ubangiji ya yi alheri. Daga nan John, Jean, Juan, Giovanni, Ivan da Hans suka fito, har da Yohanna namu. Maria da Ilias su ma Ibrananci ne da suka sa rigar Girkawa. Cikin sunayen da Kiristocin Arewa ke saka wa 'ya'yansu, Bitrus, Filibus, Istifanus da Andarawus Girkanci ne. Bulus kuwa, ko da yake kullum tare ake kiransa da Bitrus, Latin ne, kuma "ƙarami" yake nufi.

Mataki na biyu: raba sunan yanka

Tsofaffin sunayen Girkawa da yawa kalma biyu ce aka ɗinke. Georgios: ƙasa da aiki, manomi ke nan. Philippos: mai son dawaki. Nikolaos: nasara da jama'a. Alexandros: mai kare mutane, wanda Larabawa suka mayar Iskandar. Theodoros kyautar Allah ne, in ka juya kalmomin biyu ka sami Dorothea. Ni dai na ce ka haddace kalmomi goma, irin su theos (Allah), philos (mai so), nike (nasara), laos (jama'a) da doron (kyauta), ka daina buɗe ƙamus a kan kowane suna. Wasu ba sa rabuwa: Petros dutse, Stephanos kambin da ake ɗora wa wanda ya yi nasara, Sophia hikima, Eirene zaman lafiya. In suna ya ƙi rabuwa, kada ka tilasta masa. Katherine ma da ake ta cewa "mai tsarki", daga baya ne aka jingina shi da kalmar katharos, asalinsa Aikaterine.

Mataki na uku: sunan dangi, duba kai ka duba wutsiya

Wutsiya takan faɗa maka yanki. Mai "-akis" yawanci daga tsibirin Kirit, kamar Mitsotakis. Mai "-opoulos" yankin Peloponnese na kudancin Girka aka fi saninsa da shi, ma'anarsa ɗan wane. Mai "-idis" ko "-oglou" kakanninsa sun fi yiwuwa daga ƙasar da yanzu take Turkiyya, da yawansu sun koma Girka ne a musayar jama'a ta 1923.

Kai kuma yakan faɗa maka sana'a ko laƙabin kaka. "Papa-" limamin coci ne, don haka Papadopoulos ɗan limami. "Kara-" Turkanci ne, baƙi. Wanda ya fi burge ni shi ne "Hatzi-" ko "Chatzi-". Alhaji ne fa, ba wani abu ba. Kalmar Larabci ce ta shigo musu ta Turkanci zamanin Daular Usmaniyya, Kirista da ya kai ziyara Ƙudus sai a liƙa masa ita, jikoki su gada. In ka ga Papadopoulou da "ou" a ƙarshe, kada ka buɗe masa sabon shafi. Mace ce daga gidan Papadopoulos.

Mataki na huɗu: sauran Turai

Tambaya huɗu sun ishe ka: ɗan wa, mece ce sana'arsa, daga ina, yaya kamanninsa. Ɗan wane shi ne "-son" da "-sen" a arewacin Turai, "-ez" a Sifen kamar Fernández, "Mac" a Sikotlan da Ayalan, "-ov" a Rasha. Aisland har yau sunan uba suke bi kamar mu, namiji "-son", mace "-dóttir". A sana'a, Smith, Schmidt, Ferrari, Kowalski da Lefebvre duk gidan maƙera ne, Müller da Miller masu niƙa. Sunan yanka da ba na coci ba kuma ya yi kama da kalma biyu, gwada Jamusanci na dā: Robert shahara da haske, William niyya da kwalkwali.

Na ƙarshe, gwada abin da ka samu a ƙamusun asalin kalmomi biyu da ba su kwafi juna ba. Na kyauta a intanet sun wadatar, ba sai ka sayi littafi ba.