Tsohuwar taswirar tsauni, daga gefe ake fara karanta ta

Na gaji da samarin da ke sallama a shagona nan Agege da tsofaffin taswirorin tsaunukan Mambila da Gashaka na jihar Taraba, waɗanda ma'aikatar safiyo ta tarayya ta buga nan Legas, suna cewa taswirar ta yi ƙarya. Ba ta yi ba. Ku ne ba kwa duba rubutun gefenta.

Fara da tsayi. A tsofaffin masu ma'aunin 1:50,000, da ƙafa aka auna layukan tsayi, ba da mita ba. Chappal Waddi, tsaunin da ya fi kowanne tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Ka ga lamba ta doshi 8,000, ƙafa ce. Ni da fensir nake rubuta "ƙafa" ɓaro-ɓaro a saman takardar.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne yarda da duk layin da aka ja cikin kurmi. Daga hotunan jirgin sama aka zana yawancinsu, jirgi kuwa kan bishiyoyi yake gani. Ina matashi, na ga hanyar ƙafa ta gangara wani kwari, layukan tsayi a warwatse kamar wurin shimfiɗe yake. Mafaraucin da ke mana jagora ya ce, "Yallaɓai, babu hanya nan." Na nuna masa takarda, wai ni mai boko. La'asar ta same mu bakin kwazazzabo, ruwa na ruri a ƙasa, hazo ya rufe. Nan muka kwana a jiƙe, takardar ta zama kamar jiƙaƙƙen burodi a aljihuna. Shi ko uffan, wuta kawai ya hura. Haba yara! Mutumin da aka haifa a gindin dutsen za ku musa wa saboda layin da aka ja a ofis? Tun daga ranar, layi mai tsinke-tsinke, alamar hanyar ƙafa, a wurina kintace ne.

GPS ɗin wayarka da WGS 84 yake aiki, wato tsarin auna matsayin wuri na duniya, taswirar kuwa da tsohon tsarin Najeriya da ake kira Minna. Tazarar mita gommai ce, sauya saitin wayar zuwa Minna. Kada ka auna nisa a fotokwafi, inji na rage girma. Ruga tashi take yi, kada ka dogara da wadda ka gani a taswira.

Ajiya kuma, danshin Legas ba ya raga wa takarda. Nawa a naɗe suke cikin bututun roba, bisa kabad.