Yadda ake gina ɗan sandan ciki mai cin hanci a labarin zane na jarumai

Jarumin da ke ɗaga mota da hannu ɗaya ba shi da yadda zai yi da mutumin da ya ɓatar da fayil. Saboda haka kafin ka zana fuskar wannan ɗan sanda, fara tsayar da abin da ke hannunsa: mabuɗin ɗakin ajiyar kayan shaida, ko inda aka ɓoye mai ba da shaida, ko rahoton da zai je gaban alƙali. Zaɓi ɗaya. Idan ka ba shi duka uku, ya tashi daga ƙaramin ɗan wasa ya koma babban mugu, ya cinye labarin.

Sai ka san wa ke biyansa, da kuma yadda aka fara kama shi: bashin caca, ko wani laifi da aka rufa masa asiri. Wannan ba sai ka faɗa wa mai karatu duka ba, amma kai dole ka sani, domin shi zai nuna maka iyakar abin da zai yarda ya aikata.

Littafin wata-wata irin na Amurka yakan ɗauki shafi 20 zuwa 22. Shafi biyu ko uku sun ishi ɗan sandan. A fitowa ta farko nuna shi yana aiki da ƙwarewa, yana gano abin da sauran suka tsallake. Nan masu koyo suka fi faɗuwa: sukan zana shi da murmushin mugunta tun daga akwatin zane na farko, sai mai karatu ya riga jarumi ganewa da shafi goma, jarumin ya zama kamar wawa. Alama ɗaya ta isa, agogon da albashinsa ba zai saya ba, a bayan fage, ba tare da wani ya ce uffan ba. Ba shi kuma siffar da za a gane ko da inuwarsa kawai aka gani, tunda ba shi da rigar jarumta.

Ranar da za ka tona shi, lura da lissafin shafi. Shafuka masu lambar mara (1, 3, 5) suna hannun dama, don haka sa tambayar a ƙasan na dama, amsar ta zo bayan an juya takarda. Ambulan yana sauya hannu, babu magana, ya fi dogon bayani ƙarfi.

Akwai dalilin da ya sa irinsa ya yi ƙaranci a tsofaffin littattafai: ƙa'idar Comics Code ta 1954, wadda masu buga littattafan zane na Amurka suka gindaya wa kansu, ta hana nuna 'yan sanda da alƙalai ta hanyar da za ta zubar da mutuncin hukuma, sai gyaran 1971 ya sassauta, da sharaɗin a hukunta mai laifin.

Kada faɗuwarsa ta zo ta hanyar naushi. Idan jarumi ya doke shi, gobe zai koma ofis a matsayin wanda aka zalunta, jarumin kuma ya zama abin nema. Takarda ce ke kayar da shi, ko bakin abokin cin mushe. A labarin zane na Batman: Year One na 1987, Gordon, ɗan sanda mai gaskiya, ya lakaɗa wa Flass, abokin aikinsa mai cin hanci, duka, bai sauya komai ba; sai da dillalin ƙwaya ya yarda ya ba da shaida a kan Flass, shi kuma Flass ya tona kwamishinan 'yan sandan da ke sama da shi.